Nagoggo da Littafin Larai

Akwai wata mata 'yar Gwandu, sunanta Nagoggo, da aure ya kai ta Kalgo a shekarun da aka fara buɗe ajin yaƙi da jahilci. Mijinta Basharu manomin fadama ne, mutum marar yawan magana. Da sassafe yake fita, sai la'asar ya dawo. Ba ta da dangi a garin, ba ta haihu ba. Wuni take yi ita da kaji.

Shi da kansa ya ce ta riƙa zuwa ajin mata ko ta rage kaɗaici. Cikin wata shida ta iya karatun boko.

Wata rana maƙwabciyarta Larai ta ara mata wani littafi rubutun hannu, wanda wani magatakarda ya ƙaga, mata suna ta karɓa hannu da hannu. Labarin wani attajiri ne da ya so wata mace har ya kulle ta a ɗaki, ya raba ta da iyayenta. Ranar da ta leƙa waje ya ƙona mata hannu, sannan ya durƙusa yana kuka, wai so ne ya sa shi. A ƙarshen labarin matar har gode masa take yi.

Karon farko labarin ya tsorata Nagoggo, ta ajiye littafin. Washegari ta sake ɗauka. A cikin littafin akwai macen da wani ba ya iya numfashi in ba ta, ita kuwa ga ta zaune babu mai tambayar ta.

Daga nan ta fara auna Basharu da attajirin. In ta nemi zuwa ganin gida, sai ya ɗaura mata shinkafa da busasshen kifi a kan jaki, ya haɗa ta da ayari, ya ce ta gaishe da Inna. Wannan ya riƙa ci mata rai.

Rannan ta ce, "Malam, kai ko kishina ba ka yi?"

Ya ce, "Kishin mi? Na yarda da ke."

"Wanda ke son mace ba ya barin ta ta yi nisa."

Bai gane inda maganar ta fito ba. Shekara guda tana neman saki, yana ba ta haƙuri. Da ya ga zaman ya zama mata ƙunci, ya sawwaƙe mata.

A Gwandu wani mai sayar da goro, Lukuman, ya fito neman ta. Mahaifiyarta ta ce, "Nagoggo, matansa biyu suka fita da tabo a jiki." Nagoggo ta ce ai ba su fahimce shi ba ne. Ranar da ya yi wa wani mutum barazana don ya gaishe ta a hanya, daɗi ta ji.

Satin farko na aure ya ƙara tsawon katanga. Ya hana ƙawaye shigowa, daga baya ya hana dangi. In ya fita kasuwa sai ya sa kwaɗo ta waje. Marin farko ya zo da kuka da rantsuwa, kamar yadda ta karanta. Na biyu da na uku ba kuka, ba rantsuwa.

Da damina Inna ta kwanta ciwo, unguwa biyu kawai tsakaninsu. Aka aiko sau uku. Lukuman ya ce in ta fita, maza za su gan ta.

Ranar wata Talata da hantsi tana tankaɗe, ta ji masu ɗauke da gawa suna wucewa ta bayan katanga. A cikin muryoyin ta gane ta kawunta Bawa. Ta ruga ƙofa ta ja, kwaɗon yana nan.

Kawu Bawa ne ya kai magana gaban alƙali, aka raba auren. Ta koma ɗakin Inna, ita kaɗai.

Bayan kwana arba'in aka ce tana da baƙo a zaure. Basharu ne, ya taso daga Kalgo don ta'aziyya. Ya yi addu'a, ya ce, "Allah shi jiƙan Inna. Ta riƙe ni kamar ɗanta."

Nagoggo ta ce, "Malam, ka yafe mini."

"Na yafe tun tuni."

Ta jira ya ƙara wata magana. Sai ya ce zai koma, don iyalinsa ta kusa haihuwa. Ta raka shi da ido har ya karya kwana, sannan ta shiga ta ɗora tukunyar mutum ɗaya.

Darasi: Labarin da ya shafa wa zalunci zuma ya kira shi soyayya yana iya sauya abin da zuciya ke nema, musamman zuciyar da kaɗaici ya dama. Kulle, duka da raba mutum da danginsa ba so ba ne, komai daɗin yadda aka rubuta su. Mu lura da abin da muke karantawa, mu kuma daraja wanda ya ba mu aminci. Ku tura wa 'yan'uwa mata da maza, wataƙila wata na tsaye inda Nagoggo ta tsaya.