Dalilin da Ya Sa Tarwada Ke Haurawa Kurmi da Damina

Dalilin da ya sa kuke ganin tarwada na kokawa da ruwa tana haurawa kurmi da zarar damina ta sauka, ba hauka ba ne. Ku bar tonon hanci ku saurara, don ko malaminku sai ya zo nan ya durƙusa kafin ya ji wannan.

A da can, a gurbin kogi tarwada ke zuba ƙwanta, maƙwabcinta kuwa Giwan Ruwa. Mutumin kirki ne a baki. Duk sanda ta haihu sai ya zo barka, ya wangale baki zai yi addu'a, kafin a shafa ƙwai sun ƙare. Haka ta tsufa ba ɗa ba jika. Da ta ji cikin auta ya tsaya, ta rantse wannan karon babu mai yi mata barka.

Ruwan fari na sauka ta sa kai gaba da igiyar ruwa. Ruwa ya maka ta da dutse, ta tashi. Ya ƙara, har kanta ya baje kamar faifai, ba ta waiwaya ba. Inda ruwa ya yi ƙaranci ta ja ciki cikin laka, zalɓe na kai mata sara, har ta isa gindin wata tsohuwar giyayya a kurmi. Ambaliya ta kwashe mata ƙasar kirki, ganyenta duk ya yi rawaya don yunwa.

Tarwada ta gaishe ta, ta roƙi a ɓoye mata ƙwai cikin saiwoyi. Giyayya ta ce ta yarda ta zama ungozoma, amma ai ungozoma kan ragon suna ake ba ta.

"Inna, ina ni ina rago?"

"To 'yar nan, da me zan yi ganyen da zan yi musu inuwa? Rana ce za ta dafa miki su."

Tarwada dai ta zuba ƙwan. Ɗan ganyen da ya rage ya kare su da ƙyar, suka ƙyanƙyashe, suka yi wayo. Da ruwa ya fara janyewa sai tausayi ya kama giyayya, ta ce ta yafe, tarwada ta bi 'ya'yanta su koma kogi tun hanya ba ta ƙafe ba. Tarwada ta kora yaran gaba, ta ɗaga ido ta dubi rassan nan tsirara, ta dawo ta kwanta.

"Baɗi su ma nan za su zo haihuwa, Inna. Inuwar wa za su tarar? Ga kan, ga ma jikin duka."

Nan laka ta bushe da ita. Tsuntsaye suka ci rabonsu, ƙasa ta shanye saura, giyayya ta yi kore shar.

Shi ya sa har yau tarwada ke komawa haihuwa inda aka haife ta, kuma in ruwa ya janye sai kun tsinci wasu kwance a gindin giyayya. Ba makara suka yi ba. In kun je tsinta, ku kwashi na miyarku, amma ku bar wa tsohuwa ɗaya.