Dalilin da Ya Sa Ake Tace Ruwa da Tuta a Tsibirin Kurungu

Yara, dalilin da ya sa za ku ga tuta a bakin kowace randa a Tsibirin Kurungu, ga shi.

A da can babu gwamnatin da ta san da tsibirin nan. Masunta ne kawai da sauro, a tsakiyar tafkin da ya raba ƙasar gabas da ta yamma. Sai wata shekara ruwa ya ja baya, ƙasa mai albarka ta fito, wake ya yi kamar hauka. Nan take ƙasashen biyu suka tuna ashe suna da 'yan'uwa a Kurungu.

Jami'in gabas ya zo da taswira, ya kafa tuta, ya ce wa Sarkin Ruwa Jatau, shugaban masunta, "Ku namu ne tun kaka da kakanni." Bayan kwana uku na yamma ya kafa tasa, har da ƙwalla a ido don ƙauna. Kowanne ya koma da jirgi cike da wake.

Da damina amai da gudawa suka shigo. Jatau ya tuƙa kwalekwale yini guda zuwa gabas neman likita. Jami'in ya buɗe taswirar nan, ya juya ta, ya ce, "Ayya Sarki, ai kun ɗan fi karkata yamma." Na yamma kuwa cewa ya yi ba zai yi wa maƙwabta shisshigi ba, shi mai ladabi ne.

Kafin Jatau ya dawo an binne mutum tara, har da 'yarsa Delu. Ya je ya zauna bakin ruwa.

Yayarsa Tabawa, ungozomar tsibirin, ta ce a daina shan ruwa sai an tace an tafasa. Amma ina ƙyalle mai tsabta? Ta ɗaga kai sama, ta ce, "A sauko min da waɗancan, tun da ba abin da suke yi sai rawa." Aka yayyaga tutocin aka raba gida-gida. Ciwo ya lafa.

Da kaka ta yi, sai ga jami'an biyu, rana ɗaya. Na gabas ya hangi tutarsa a bakin randa, ya daka tsawa: "Wa ya wulaƙanta ƙasa?"

Tabawa ta ce, "Ranka ya daɗe, aiki take yi. Duk ma'aikatan ƙasarku ita kaɗai ta zauna da mu."

Ya so ya tafi da fushi, sai ya ga na yamma yana kafa sabuwar tuta. Ya aika a guje aka kawo tasa, wadda ta fi girma.

Shi ya sa har yau duk shekara ƙasashen biyu ke aiko da sababbin tutoci, mata kuma na sauke su washegari. Shari'ar mallakar tsibirin tana kotu, tsofaffi na addu'a kada a yanke ta, don yadin yana da kyau. Likita dai an ce yana hanya.