Sirdin Baba Cindo

Dalilin da ya sa mazan Tudun Aduwa ke yawo da sirdin keke a hammata, ba taɓin hankali ba ne, ko da kun ji baƙi suna faɗa. Ku zauna in gaya muku. Kai Sabi'u, saki wutsiyar akuyar nan, ba ta yi maka komai ba.

A da, sirdi yana kan kekensa kamar na kowane gari. Kekunan ma ba su fi bakwai ba a ƙauyen nan, kuma wanda ya fi su kyau shi ne na Baba Cindo. Baƙi ne wuluk, da ƙararrawa mai zaƙin murya. Kullum da safe tsohon zai goge shi da tsumma da ɗan man gyaɗa, har waya ɗaya-ɗaya. 'Ya'yan cikinsa ma ba su isa su taɓa shi ba.

To, a lokacin an addabi kasuwar Marke da satar keke. Akwai wani ɓarawo da ake ce wa Ɗan Tsalle, ba wanda ya san fuskarsa, bayansa kawai aka sani. Ko ka sa wa kekenka kwaɗo, da lanƙwasasshiyar ƙusa zai buɗe. Sai ya tura keken a guje, ya daka tsalle, ya dira a kan sirdi, kafin ka ce "ɓarawo" ya sha kwana. Mutum uku daga garin nan sun tafi Marke a kan keke sun dawo a ƙasa.

Ana haka sai Kande, 'yar Baba Cindo, ta haihu. Mijinta Nomau mutum ne mai kunyar tsiya. Ni na san shi, in ya hango surukinsa daga nesa sai ya cire takalmi ya tsuguna, ko da cikin ƙaya ne. Ana gobe suna aka duba, ba goro. Ga jakin Nomau yana ɗingishi, ga Marke da nisa.

Baba Cindo da kansa ya turo kekensa har ƙofar gidan Nomau.

"Ungo, je ka sayo goron ka dawo da wuri."

Nomau ya tsuguna, kansa a ƙasa. "Baba, da kun bari na taka da ƙafa."

"Ka taka ka dawo jibi? A raɗa wa jikana suna ba goro? Hau ka tafi. Ka dai kula min da shi."

Tsoho ya juya. Nomau ya tsaya yana kallon keke. Tsoron Ɗan Tsalle ɗaya ne, don in keken nan ya ɓace, Nomau ya san ba zai ƙara iya ɗaga ido a garin nan ba. Amma akwai abin da ya fi wannan damunsa. Kun san a wurinmu mutum ba ya zama a tabarmar surukinsa, ba ya hawa kujerarsa. To, sirdin nan fa? Shekara goma sha biyu Baba Cindo yana zama a kai, har fatar ta lotsa daidai da shi.

Kande ta leƙo daga zaure da jariri a hannu. "Malam, me kake jira?"

"Kande, a nan fa Baba yake zama."

"To, a ina kake so ya zauna? A kan ƙararrawa?"

"Ba zan iya ba."

"Ikon Allah! Keke ne fa, ba buzun sallarsa ba."

Nomau ya juya kan keken. Ya buɗe 'yar jakar fata da ke rataye a bayan sirdin, ya zaro sufana, ya kwance sirdin a hankali. Ya naɗe shi a tsabtataccen ƙyalle, ya sa a jakarsa. Sai ya hau feda a tsaye ya kama hanya. Kande ta yi dariya har jaririn ya farka.

Haka ya tafi Marke a tsaye, kansa na sama na ƙasa. Manoma suka bar fartanya suna kallo. Wani ya ɗaga murya ya ce, "Nomau, maruru ne ya fito maka?" Ya yi kamar bai ji ba. Kafin ya isa, cinyoyinsa sun yi tsami, rigarsa ta jiƙe sharkaf.

Layin 'yan goro matsattse ne, keke ba ya shiga. Dole ya jingine shi a gindin wata bishiya, ya datse kwaɗo, ya ja ya ga ya kama. Da ya dubi ƙarfen da sirdi ke zama a kai, tsirara a tsaye, sai kunya ta sake kama shi, kada 'yan kasuwa su ce ya lalata keken surukinsa. Ya ninka buhun da ya zo da shi, ya lulluɓe wurin, ya ɗaure. In ka gani daga nesa sai ka rantse sirdi ne aka kare daga rana.

Yana tsugune yana zaɓen goro, yana waiwaye, yana zaɓe, yana waiwaye. Mai goro ya ce, "Malam, goro kake saye ko wuya kake motsawa?" Nomau ya sunkuya ya ɗauki wani fari ya duba. Wannan sunkuyawar kaɗai Ɗan Tsalle yake jira.

Ƙusa ta shiga, kwaɗo ya buɗe. Da Nomau ya ɗago, sai ya hango keken Baba Cindo yana gudu a hannun wani dogon mutum.  Yana gani mutumin ya daka tsallen nan nasa, ya tashi sama, ya sauko da dukkan nauyinsa.

Yara, ƙarar da ya yi, har masu awon gero a ƙarshen kasuwa sun ji. Ya saki keke, ya faɗi gefe yana birgima yana kiran inna. Ba wanda ya bi shi da gudu, don ba inda za shi. Nomau kuwa ko kallonsa bai yi ba. Keken ya ɗaga, yana shafa shi yana duba ko ya ƙuje, hawaye na zuba.

Aka kai ɓarawo gaban sarkin kasuwa. Aka ce ya zauna ya yi bayani. Ya ce don Allah a bar shi a tsaye. A tsayen ya faɗi inda ya ɓoye sauran kekunan, aka je aka kwaso, har da uku na garin nan.

Labari ya riga Nomau isowa gida. Da la'asar ya shigo gari, a tsaye kamar yadda ya fita, da goro a bayan keke. Ya sauka a ƙofar Baba Cindo, ya tsuguna, ya kwance ƙyalle, ya miƙa sirdi da hannu biyu.

"Baba, ga shi. Ban zauna a kai ba."

Tsoho ya karɓa ya jujjuya shi. Ya dubi ƙafafun Nomau suna rawa don gajiya. Ya so ya yi dariya, sai idonsa ya kawo ruwa.

"Tun daga nan har Marke, a tsaye?"

"Da dawowa, Baba."

"To, ji nan. Sirdin nan nawa ne, na riƙe abina. Keken kuwa ka tafi da shi, na ba ka. Ka sa masa sirdin da za ka iya zama a kai. Wanda ya kula da mazaunina haka, ban da fargaba a kan 'yata."

Nomau ya rasa bakin godiya. Kande ce ta zo washegari ta yi wa tsohon godiyar.

Mutum ukun da aka dawo wa da kekunansu su suka fara. Ranar kasuwa ta gaba, suna isa Marke kowa ya zaro sufana ya kwance sirdinsa. Sauran suka bi. Ɓarayi suka gane keken Tudun Aduwa ba ya hawuwa, kuma ba mai son ya gwada wanda aka lulluɓe da buhu.

Shi ya sa har yau, ko gaisuwa ubanku ya je, sai ya jingine keke a waje ya shiga da sirdi a hammata. Baƙi na dariya, mu kuma muna dawowa gida a kan kekunanmu.