Fatar da Ta Sha Ruwan Teku

An taɓa yin wani mutum, wani bawan Allah baduku, ana ce masa Nomau. Na baya ku matso, yau maƙogwaron ya ƙi, ba zan iya ɗaga murya ba. Mutumin nan ɗan tudu ne kamar ni da ku, amma neman abinci ya kai shi wani gari na bakin teku, tafiyar kwana huɗu a mota daga garinsu. Sunan garin ba shi ne abin ji ba, kada wani ya tare ni a ƙofa yana tambaya.

Garin nan da baƙi yake ci. Akwai wasu manyan jiragen ruwa, bene kan bene, kai ka ce unguwa guda aka ɗora a kan ruwa, masu yawo da mutane ƙasa-ƙasa don kallo da hutawa kawai. Na san abin zai ba ku mamaki, a ce mutum ya bar gidansa ba fatauci ba, ba gaisuwar mutuwa ba, sai kallo. To, haka Allah Ya yi wasu. Jirgi zai tsaya da hantsi, baƙi su sauko su zaga gari, su ɗauki hoto, su yi tsaraba, da la'asar jiniya ta kira su, su koma. Wanda ka gani yau, kai da shi sai a lahira.

Nomau yana da 'yar rumfa kusa da tashar jirgin. Jaka yake ɗinkawa, da takalma, da alabe, da tumtum irin na kishingiɗa. Shekara bakwai rabonsa da gida. Kowace shekara sai ya ce bana zan je, kowace shekara sai wani abu ya taso ya cinye guzurin. A can gida kuwa akwai tsohuwarsa, Tabawa. Shi ne autanta, ba ta ma kiransa da wani suna sai Auta.

Ana nan, sai rediyo ya fara shela cewa wata babbar guguwa tana tafe daga cikin teku. 'Yan garin, waɗanda kakanninsu suka san halin ruwan nan, sai aka ga suna ta ɗaure kayansu a sama, suna rataye buhuna a jikin katakon rufi, suna hawa tudu da iyalinsu. Mutanenmu na zango kuwa sai dariya. Suka ce waɗannan ba su san iska ba! Iska ai rufi take ɗauka, wa zai kai kayansa kusa da rufi? Sai suka sauke duk abin da ke rataye, suka shirya a cikin adaka, suka jera a ƙasa, suka lulluɓe da tabarmi, sannan suka hau suka danne kwanon rufi da duwatsu. Kada ku yi musu dariya, da ku ne ma haka za ku yi. Mu ruwa daga sama muka san shi.

Ruwan nan kuwa daga ƙasa ya zo. Teku ce ta taso ta shigo gari, ta kai wa mutum ƙirji, ta kwana uku a cikin kasuwa. Da ta janye Nomau ya je ya duba rumfarsa: rufi na nan lafiya lau, ko kwano ɗaya bai tashi ba. Ya buɗe adaka, ɗinkin shekara biyu yana iyo a cikin ruwan gishiri. Ya ce innalillahi wa inna ilaihi raji'un, ya kwashe ya shanya.

Ku saurara, don a nan labarin yake. Fatar da ruwan sama ya taɓa tana da magani. Fatar da ta sha ruwan teku ta mutu. Za ta bushe, in ka shafa mata mai ka murza za ta yi sheƙi kamar sabuwa, amma gishirin yana ciki yana cin ta. Wata biyu, wata uku, sai zare ya ruɓe, jiki ya tsattsage, farin gishiri ya feso. Baduku ya san wannan. Mai saye bai sani ba.

Guguwa ta karya tashar jirgi, jirage suka ɗauke ƙafa. Shekara guda da wata biyu ba baƙo ko ɗaya. Garin da ba ka jin maganar na kusa da kai saboda hayaniya ya koma sai kukan tsuntsayen ruwa. Nomau ya ajiye basilla ya kama dakon bulo wurin masu gyaran gini, abin da zai ci ya samu, na mota kuwa babu. Kullum in ya idar da sallar asuba sai ya bi ta bakin ruwa, ya tsaya ya daɗe yana kallon inda jirage suke ɓullowa. Ba abin da yake gani sai ruwa. Wallahi na san irin wannan tsayuwa, ni ma na yi zaman baƙunta, kewar gida ciwo ce da ba ta da wurin shafa magani.

Cikin wannan hali wani direban motar shanu ya kawo masa kaset daga gida, don a zamanin nan ba waya a aljihun kowa. Ya ari rediyon maƙwabci ya saka. Sai ga muryar tsohuwa.

“Auta, ni ce. An ce in yi magana a nan za ka ji ni. Muna lafiya, mun ji abin da ya same ku, Allah Ya mayar da alheri. Ido ne dai, Auta. Na hagu ya riga ya rufe, na dama ma dishi-dishi nake gani. Ba na son zane, ba na son sabulu. Ka zo in ga fuskarka tun ina iya rarrabe mutum da itace.”

Ya mayar ya sake ji. Ya mayar ya sake ji. Sai da mai rediyo ya aiko a ce masa batir fa ba ruwan rijiya ba ne.

Bayan sati uku sai gari ya ɗauka: an gama gyaran tasha, ran Alhamis jirgin farko zai shigo. Jama'a, ku zo ku ga murna! Aka shafa wa shaguna fenti, aka share titi, aka kafa tutoci, makaɗa suka fito da gangunan da suka yi shekara a rataye. Mai sayar da kwakwa, mai kwale-kwale, mai ɗaukar hoto, kowa bakinsa har kunne.

Ran Laraba da rana sai ga Shekarau, baduku ne shi ma, ɗan garinsu Nomau, ya girme shi, rumfunansu suna jere. Ya dire kwalbar man gyaɗa da tsumma a gaban Nomau.

“Fito da kayan adakar nan mu murza.”

“Yaya, kayan nan fa ka san sun sha teku.”

“Na sani. Su baƙin sun sani? Kafin su tsage suna wata duniya. Kai, Inna fa ke kiranka. Sababbin da ka yi nawa ne?”

“'Yan alabe ne, ba su taka kara sun karya ba. Fatar da na iya saye ke nan.”

“To da su za ka je gida? Murza, malam.”

Kuna jira in ce muku ya ƙi? Bai ƙi ba. Mutum ne, ba mala'ika ba. Ya zauna ya murza, har magariba yana murzawa, kayan suka yi kyau har shi kansa ya tsaya yana kallo. Kada kuma ku tsine wa Shekarau, shi ma 'ya'ya shida ne ke jiransa a gida.

Alhamis da hantsi jiniya ta yi kuka daga cikin teku. Akwai dattawan da suka fashe da kuka da jin ta. Jirgi ya tsaya, baƙi suka kwararo, kasuwa ta cika ta batse. Can sai ga wata dattijuwa baƙuwa, kanta fari fat, tana dogara sanda, ta tsaya a rumfar Nomau. Ta ɗauki tumtum, ta shinshina, ta lumshe ido. Ta ware shi gefe. Ta ware jaka, ta ware wata, ta ware takalma, tana ta lissafa jikokinta da yatsa. Kayan da ta tara za su kai Nomau gida su dawo da shi, har da tsaraba. Ba ta yi tayi ba. Ba ta tambaye shi ko suna da ƙwari ba. Ta buɗe jakarta kawai tana murmushi.

Ku lura da kyau, ba ta tambaya ba. Ba sai ya yi ƙarya ba, shiru kawai zai yi ya miƙa hannu.

Ya miƙa hannun, amma jakar fatar ya ɗauko. Da ɗan guntun yarensu da ya tsinta a kasuwa ya ce, “Mama, dakata.” Ya kama kusurwar jakar ya lanƙwasa da ƙarfi a gabanta. Sai ga tsaga ƙanana-ƙanana, farin gishiri a ciki. Ya nuna mata teku, ya nuna ƙirjinsa, inda ruwa ya kai. Ya ce, “Duk waɗannan sun sha. Ba za su daɗe ba. Waɗannan ƙananan ne kaɗai masu kyau.”

Shekarau daga rumfarsa ya ce da Hausa, ƙasa-ƙasa, “Nomau, kana da hankali kuwa?”

Matar ta dube shi, ta dubi kayan. Ta ɗauki alabe ɗaya cikin sababbin, ta biya, ta dafa hannunsa ta yi godiya, ta wuce. Shi ke nan. Ba ta dawo da buhun kuɗi ba, ba ta aiko masa da wasiƙa ba. Nomau ya kwashe kayan da ya murza ya mayar cikin adaka, ya rufe, ya zauna a kai. Da la'asar jiniya ta sake kuka. Ya bi jirgin da ido har ya ƙanƙance ya ɓace, hawaye na bin gemunsa, don ya san abin da ya tafi da shi.

Kada kuma ku jira in ce rumfar Shekarau ta ƙone. Ba ta ƙone ba. Ya sayar da nasa tas, ran Asabar ya hau mota sai gida. Lissafinsa yana wurin Wanda ba a yi wa murza-murza, ba ruwana da shi.

Nomau ya koma kan basilla. Jirage suka ci gaba da zuwa, ɗaya a sati, sannan biyu. Ya sayi fata mai kyau kaɗan-kaɗan, ya ɗinka, ya sayar. Sai da ya ƙara wata biyar kafin ya haɗa na mota.

Ya isa garinsu da yamma, ya yi sallama a ƙofar gida. Tsohuwa na zaune a kan tabarma a bakin ɗakinta. Ta juyo da kai, amma ba inda yake tsaye ta kalla ba, gefensa ta kalla. Nan take ya gane. Ya durƙusa.

“Auta ne?”

“Ni ne, Inna. Na makara.”

“Ka makara. Shekarau ya gaya mini komai, ya ce abinci har baki ka ture. Ba zan ɓoye maka ba, na yi fushi da kai. Kwana uku ban yi wa kowa magana ba. A lokacin ina gani kaɗan-kaɗan, da ka zo da na gan ka.”

“Ki yafe mini, Inna.”

“Tsaya in gama. Daga baya na zauna na yi tunani. Da ka zo, ai sai na tambaye ka yadda aka yi ka samu na mota bayan wannan asara. Ka san halina, sai na tambaya. Me za ka ce mini?”

Ya ce, “Da ƙarya zan yi miki.”

“To ka gani. Matso nan.”

Ya matsa. Ta sa hannu biyu ta shafa goshinsa, ta shafa kumatunsa, ta ce ya rame. Ta kama gemunsa ta ce, “Wannan fa? Da ka tafi babu shi. Baƙi ne ko fari?”

“Ya fara fari, Inna. Ta gefen hagu ya fi yawa.”

“Haƙoran fa, suna nan?”

“Ɗaya ya fita, na ciki.”

Ta yi dariya, hawaye na fita daga idanun da ba sa gani. Ta ce, “Ci gaba, faɗa mini sauran. Duk abin da ka ce haka ne, na yarda. Da bakinka zan gan ka.”

Jama'a, abin da nake so ku tafi da shi ke nan. Gaskiya ba ta yi wa kowa alkawarin za ta biya shi ran Alhamis ba. Wani lokaci sai ta karɓe maka abin da ka fi so a duniya, kuma ba ta mayar da shi. Tabawa ba ta sake ganin ɗanta ba har ta koma ga Allah. Amma ta samu ɗan da in ya ce fari ne, fari ne, kuma wannan ba a sayensa a kasuwa.

Kun san hukuncin algus a addini, ba sai na karanto muku ba. Kai mai sayar wa fasinja zuma ta tagar mota, da kai nake. Kai mai jera manyan tumatir a sama, ruɓaɓɓu a ƙasa, saboda mai sayen baƙo ne ba zai dawo ba, da kai nake. Kai da kake cewa ai ban yi ƙarya ba, bai tambaya ba ne, kai ma da kai nake, shirun nan naka ana rubuta shi. Kuna cewa don iyali kuke yi, don iyaye kuke yi. To ku je ku tambayi iyayen ko sun aike ku.

Wanda kuma tsohuwarsa take raye, idonta biyu, kuɗin motarsa na halal yana aljihunsa, yana nan zaune yana cewa sai bayan salla, ban san me zan ce masa ba. Nomau uzuri gare shi, ya yi kuka. Kai mene ne naka? Ka tashi ka je ta gan ka tun tana gani.

Allah Ya tsarkake mana abin da muke ci, Ya sa iyayenmu su rabu da mu suna masu yarda da maganarmu. Ku ce amin.