Fuskar Inna a Gefen Hoto

Akwai wani mai ɗaukar hoto a Wad Haddad, cikin ƙasar Jazira ta Sudan, wajen 1965, ana ce masa Ladan. Ya iya aikinsa, ba ƙarya. Amma an ce girman kai rawanin tsiya, shi kuwa nasa har da kunne biyu ya naɗa.

Ladan ɗan fari ne, don haka mahaifiyarsa Fadimatu ba ta kiran sunansa, balle ta tsaya ya ƙura mata kyamara. Ya ɗauki rabin garin, amma ba shi da hotonta ko ɗaya.

Ana saura kwana uku ta tafi aikin Hajji, ya je kasuwar Rufa'a ya sayo sabon idon kyamara. Kawunsa Jibo, mai gyaran agogo, ya ɗaga gilashin wajen haske, ya jujjuya shi.

"Liƙa jarida ga bango ka ɗauka, ka wanke," in ji Jibo. "In rubutun kusurwa huɗu ya karantu awa na tsakiya, to ido na da lahiya."

Ladan ya fizge abinsa, rai a ɓace. "Kawu, agogo daban, hoto daban. Sabo na cikin kwalinai, in ɓata fim kan jarida? Halas, magana ta ƙare."

Ya leƙa ta ciki, ya hango akuya raɗau a tsakiyar gilashi, ya ce gwaji ya ƙare.

Ranar tafiya, alhazai suka jeru gaban lorin da zai kai su tashar jirgin ruwa ta Bor Sudan. Dattawa maza suka zauna tsakiya. Da ƙyar Jibo ya lallashi ƙanwarsa Fadimatu ta shigo, ta raɓe can ƙarshen layi don kunya. Ladan ya danna sau ɗaya, lori ya tashi.

Da ya wanke hoton, sai ga masu zama tsakiya har gashin gemunsu ana ƙirgawa. Gefe kuwa duk ya dusashe. Inda Fadimatu ta tsaya, farin mayafi kawai ake gani, babu ido babu hanci.

Ladan ya yi ta zage-zage, ya garzaya Rufa'a, ya tarar wanda ya sayar masa da gilashin ɗan ci-rani ne, har ya ƙara gaba. Ya dawo yana huci, yana cewa in Inna ta dawo zai sake ɗauka.

Alhazai suka dawo babu ita. Zazzaɓi ya kama ta a Mina, can aka yi mata sutura.

Bayan sadakar bakwai, Jibo ya shigo shagon. Ya daɗe yana duban hoton. Ya zaro tsohuwar jarida daga aljihu, ya jefa wa Ladan a ƙirji.

"Ga ta nan. Yanzu kana da lokacin gwaji."

Darasi: Kada sabuntar kaya ta hana ka gwada shi, kada fushi ya toshe maka kunne daga shawarar na gaba. Wata damar sau ɗaya take zuwa. Tura wa wanda ka san ba ya jin magana.