Shekarau da Gyazbi a Kurmin Bakin Teku

Ku gyara zama, ga ta nan ga ta nanku, yau daga bakin teku ta taso.

Ta zo mu ji ta, ko a jiƙe take.

Wani manomin dawa ne ana ce masa Shekarau, da matarsa Delu. Fari ya kore su daga garinsu, sai suka ɗauki ƙunshin iri suka yi kudu. Suna ta tafiya, suna ta tafiya, har ƙasa ta ƙare, teku ta tare gabansu. Nan suka tarar da ƙauyen masunta, bayansa kurmi baƙi ƙirin, itatuwa sun tokare sama. Masunta suka karɓe su hannu biyu. Sarkin ruwa ya ce su kifi suka sani, daji kuwa ga shi nan, mai iyawa ya noma.

Shekarau ya ɗaga kai ya dubi itatuwa, ya ce a ransa ƙasar da ta ɗauki waɗannan, dawa a wurinta wasa ce. Ya sunkuya ya dumbuzi ƙasa, baƙa mai laushi, tana ƙamshin ruɓaɓɓen ganye. Daɗi ya kama shi.

Yana nan tsugune sai ga Gyazbi, wani ƙaton ɓera mai cin ciyawa. A lokacin a rame yake, don ciyawa ba ta fitowa a inuwar kurmi. Ya rusuna ya ce, "Barka da zuwa, sarkin noma. Ƙasar nan kai take jira. Ka sare, ka ƙone, kada ka bar ko kututture."

Sai Shekarau ya ɗauki gatari ya yi sassabe, ya cinna wuta, ya shuka dawarsa cikin toka. Yabanya ta taso kore shar. Amma ruwan can ba irin na gida ba ne, idan ya tsinke sai ya manta da ɗaukewa. Rabin zangarniya ta yi fumfuna, rabi ya shiga rumbu. Da damina ta zagayo, ruwa ya wanke baƙar ƙasar tas ya kai teku, sai farin rairayi. Dawa ta yi rawaya, ta tsaya a gwiwa. Shekarau ya bar gonar, ciyawar tofa ta rufe ta, Gyazbi ya kwaso iyalinsa suka tare a ciki.

Gyazbi ya dawo, wuyansa ya fara kauri. Ya yi jaje, ya ce wancan wuri dama ba shi da albarka, a gwada kan tudu. Shekarau ya sare tudu, ya ƙone, ya shuka. Abin da ya faru da fari shi ya sake faruwa. Tofa ta ƙaru, Gyazbi ya ƙara tumbi.

Sai ya sake dawowa, yana tafiya da ƙyar. Wannan karon ya nuna masa gangare, inda taɓo yake baƙi, da itatuwa masu saiwoyi a waje kamar ƙafafu, ruwan teku yana hawa yana sauka a gindinsu. Ya ce a haƙa lambatu a tsiyaye ruwan, nan maiƙon ƙasa ya taru. Iri saura ɗan kaɗan a gindin ƙwarya. Shekarau ya haƙa lambatu, taɓo ya bushe ya tsage, ya zuba sauran irin. Ko tsiro bai gani ba. Ƙasar ta yi dabbare-dabbaren rawaya, ruwan lambatu ya koma ja kamar tsatsa, ƙananan kifaye suka taso matattu, ciki a sama.

Shekarau ya zauna bakin lambatu ya haɗa kai da gwiwa. Sai ya ji an datse masa babban yatsa. Ya duba, ashe tsohuwar Ƙaguwa ce, idanunta sun yi jawur.

Ta ce, "Bawan Allah, me muka yi maka? Ruwan nan ya yi tsami, jikokina ba sa iya buɗe ido."

Ya ba ta haƙuri, ya kwashe labari duka ya faɗa mata. Ta ce taɓon nan ba ya son iska, muddin ruwa na rufe da shi lafiya lau yake, ranar da aka buɗe shi sai ya yi tsamin da ba abin da zai rayu. Ta san haka ne don a cikinsa take kwana. Sannan ta ce ya biyo ta zuwa cikin kurmi, inda gatarinsa bai kai ba, ya tona rami.

Ya tona. Baƙar ƙasar ba ta wuce kaurin tafin hannu ba, saiwoyi sun saƙe ta kamar tabarma. Ƙarƙashinta rairayi ne fari fat har iyakar hannunsa. Ya zuba ruwa, ruwa ya zurare kamar an zuba a kwando.

Ƙaguwa ta ce, "Ka gani? Ganye ya faɗo ya ruɓe, saiwa ta tsotse, itace ya sake zubo ganye. Abincin ke nan, ba wani a ƙasa. Ka sare itace, ka kashe mai dafa wa ƙasa abinci."

Shekarau ya tambaye ta to me zai shuka. Ta ce ita ba ta taɓa shuka komai ba, amma tana ganinsa da ƙarfinsa, ya je ya tambayi wadda ke ciyar da shi.

Sai ya koma gida, ya tarar da Delu tana feraye rogo. Ya tambaye ta inda take samo abin da suke ci duk shekarun nan. Ta yi dariya ta ja shi bayan ɗaki. Can ƙarƙashin itatuwa ga rogo ya fi shi tsawo, ga gwaza da faffaɗan ganye, ga ayaba ta sunkuyo da nauyi. Matan masunta ne suka ba ta iri, ita kuwa duk tokar murhu da ɓawo da kayan cikin kifi nan take zubarwa.

Ta ce, "Malam, ai kullum ta nan kake wucewa. Idonka ne yana kan dawa."

Shi ma ya yi dariya, har ya zauna a ƙasa.

Washegari suka cike lambatu, teku ta koma ta rufe taɓonta. Suka dasa kwakwa a rairayin gaɓa, inda iskar gishiri ke kaɗawa, don ita kwakwa ba ta damu da gishiri ba. Tsofaffin gonakin nan suka sa musu itatuwan kashu da kwakwar manja, tsakaninsu rogo da abarba, suna kwaso busasshen ganye suna lulluɓe ƙasa. Sauran kurmi suka bar shi tsaye. Abin bai zo da sauri ba, tofa ta ba su wuya, amma ba su kwana da yunwa ba. A hankali itatuwa suka haɗa kai, inuwa ta sauka, tofa ta mutu, ƙasa ta fara baƙi. Fatake suka riƙa zuwa daga arewa suna ba da dawa, suna karɓar manja da kwakwa, Delu ta koma tuƙa tuwo ranar Juma'a.

Ran nan suna zaune a inuwa suna shan ruwan kwakwa, sai ga Gyazbi, haƙarƙari a waje. Ya rusuna ya ce yana da wata shawara.

Delu ta jawo taɓarya ta ce, "Matso kusa, Malam Gyazbi, ba na ji sosai. Miyar yau kuwa ba nama."

Gyazbi ya dubi taɓarya, ya dubi tukunya, sai ya ce ya tuna ya bar baƙi a gida. Ya faɗa ciyawa da gudu. Shi ya sa har yau ba ya tsayawa ya gaisa da mutum.

To kun ji. Idan kun sauka baƙuwar ƙasa, ku tona ku ga cikinta, ku ba ta abin da take iya ɗauka. Mai ba ku shawara kuma, ku duba ko shi ke ƙiba da ita.

Ƙurunƙus kan gyazbi, wanda ya kamo shi ya ajiye mini cinya.