Taku Uku a Bayan Farin Layi

Akwai wani magidanci da ya ƙudura zai gina wa mahaifiyarsa sabon ɗaki kafin damina, gama ɗakin ƙasa da take ciki ya tsufa. Dokar garinsu kuwa ita ce, duk mai son haƙa sai ya fara zagaye wurin da farin fenti, sa'an nan ma'aikata su zo da na'ura su duba ko akwai bututun ruwa ko wayar lantarki a binne.

Mutumin ya ɗauki fenti ya soma jan layi. Da ya kusa katanga sai ya tsaya, domin ya taɓa jin cewa bututu ya bi ta nan. Ya ce a ransa, "In na nuna musu nan za su hana ni, ɗakin ya tsuke." Sai ya karya layin, ya bar taku uku a waje.

Matarsa ta leƙo ta ce, "Maigida, ba har katanga ka ce ɗakin Inna zai kai ba?"

Ya ce, "Ki bar ni da aikina."

Kwana uku yana jiran ma'aikatan, ya kasa zama. Ya leƙa ƙofa, ya dawo, ya dubi hadari a gabas, ya sake leƙa ƙofa. Abinci ma a tsaye yake ci.

Da suka zo, babbansu ya tambaye shi, "Iyakar inda za ka haƙa ke nan?"

Ya ce, "Iyakarsa ke nan."

Suka bi cikin layin da na'urarsu, suka ce lafiya lau, suka tafi. Tun ba su yi nisa ba ya ɗauki diga ya tsallake layin. A sara na huɗu ruwa ya yi tsiri sama. Ya danne da hannu, ya danne da buhu, ina! Ruwa ya cika tsakar gida, ya ci gindin tsohon ɗakin. Da ƙyar ya goyo mahaifiyarsa waje kafin bango ya zube. Unguwa duka ta yi mako guda famfo a bushe.

Babban ma'aikatan ya dawo, ya dubi ramin ya ce, "Da ka nuna mana, taku ɗaya kawai za mu ce ka matsa."

Ma'anar wannan misali ita ce, 'yan'uwa, mukan kawo wa Ubangiji shirinmu cikin addu'a, amma mu ɓoye ɓangaren da muke tsoron zai hana mu. Mu ba ma ganin abin da ke binne a gabanmu, shi yana gani. Sau da yawa kuma ba hana mu zai yi ba, gyara mana zai yi. In ɓarna ta zo, ba kai kaɗai za ta ci ba, har da waɗanda kake ƙauna. Abin nan da ba ka taɓa ambata a addu'a ba, kai ka san shi. Faɗa masa yau.